Labin Da Ya Ɓace A Taswirar Baba

Ranar da muka kai Baba makwancinsa, gidan ya cika har mutane suka tsaitsaya a kan hanyar da ke gangarawa tasha. Ubangiji ne ya bayar, shi ne kuma ya karɓi abinsa. Tun safe bakinmu ke faɗin haka, amma zuciya takan makara kafin ta yarda. Ni surukin Baba ne, mijin 'yarsa ta biyu, kuma na yi shekaru ina aiki a ƙarƙashinsa a ofishin taswira na wani aikin raya noma a nan Kafanchan. Don haka ta fuska biyu na san shi: a gida, inda ba na iya haɗa ido da shi, da ofis, inda ba ya barin in kau da kai.

Matan zumuntar coci sun zo da tulunansu na kiɗa, suka yi ta waƙa har muryoyinsu suka dishe. Tsofaffin da suka ja masa sarƙar awo a daji tun yana saurayi suka zauna a benci ɗaya, kowa da sandarsa, ɗaya daga cikinsu yana ta maimaita wa duk wanda ya zo gaisuwa, "Oga bai taɓa ci abinci kafin mu ci ba. Ko sau ɗaya." Ƙanwarsa, wadda muke kira Gwaggo, ta taso daga Kwoi a bayan babur, ta shigo ba kuka take yi ba, faɗa take yi da gawa. "Ka tafi ka bar ni da wa? Ba kai ka ce za ka zo mu raba iri ba?" A can gindin mangwaro kuwa, wajen gida, wasu Fulani ne zaune a kan tabarmar da suka zo da ita. Daga bayan Gwantu suka taso. Suka yi gaisuwa cikin ladabi, suka miƙa ƙwaryar nono, suka koma suka zauna. Na ji wasu matasa suna tambayar juna me ya haɗa dattijon coci da waɗannan mutane.

Faston da ya yi wa'azi sabon zuwa ne, bai daɗe a garin ba. Da ya zo kan tarihin marigayi ya ɗaga murya ya ce, "Wannan bawan Allah shi ne ya kawo mana komfuta a ƙasar nan. Shi ne ya sa ƙauyukanmu a cikin taswira!" Jama'a suka amsa da amin mai ƙarfi. Mama, matar Baba, ta sunkuyar da kai. Matata ta dube ni, ni ma na dubi ƙasa. Mun san da a ce mamaci na ji, da Baba ya buga akwatin ya ce a gyara maganar. Babu yabon da ya tsana a ƙarshen rayuwarsa kamar wannan. Abin da ya sa nake rubutun nan ke nan, don kada a tuna da shi da abin da shi kansa ya ƙi.

Baba mai safiyo ne na da, irin waɗanda suka auna ƙasar nan da ƙafa. Fensir ba ya rabuwa da bayan kunnensa, ko a coci. Shayinsa citta ce zalla, ba sukari, kuma yana ganin duk mai zuba sukari a shayi bai gama girma ba. Ba a nuna masa wuri a taswira da yatsa, don ya ce maiƙon hannu na cin takarda. Akwai tsinken tsintsiya da yake ajiyewa a aljihun riga domin wannan, kuma in ka manta ka miƙa yatsa, da tsinken zai ɗan buge ka. Ranar da na je gaishe shi da maganar auren 'yarsa, ina durƙushe gumi na karyo mini, bai tambaye ni albashina ba, bai tambayi danginmu ba. Cewa ya yi, "Ɗana, daga nan inda kake, ina arewa?" Na nuna gabas. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce wa Mama a cikin yarensu, wai yaron yana da ladabi, sauran za a koya masa. Har ya bar duniya, in na yi kuskure a ofis sai ya ce, "Ai dama mun san da zaman arewarka."

Yana da aboki guda da ba ya wasa da shi, Arɗon rugar da ke kusa da ƙauyensu, tsakanin Kafanchan da Kwoi. Tun suna samari suka haɗu, lokacin da aka tura Baba ya kafa turakun siminti a gefen labi, wato hanyar da shanu ke bi ta tsakiyar gonaki su gangara rafi su sha ruwa. Zazzaɓi ya kayar da shi a dajin, Arɗo ne ya ɗora shi a kan takarkari ya kai shi bakin titi. Daga nan zumunci ya ƙullu. Duk rani bayan an kwashe amfani, a gonar Baba ne Arɗo ke ɗaure shanunsa su zuba taki, shi kuma Baba ya aika masa da dawa. Labin ma ta gefen gonar Baban ya ratsa. Arɗo ba ya kiransa da suna, "Safiyo" kawai yake ce masa.

A farkon shekarun casa'in ne masu tallafa wa aikinmu suka aiko cewa za a daina zana taswira da hannu kaɗai, a sayi kwamfuta da kayanta. Suka ware abin da suka ware, suka ce mu zaɓa da kanmu tunda mu za mu yi aiki da ita. Baba ne shugaban ofis, zaɓin ya faɗo a kansa. Mutumin da bai taɓa danna ko injin buga rubutu ba, sai ga shi zaune da ƙasidun 'yan kasuwa, gilashi a kan hanci, yana bin hoto da tsinke. Mu matasan ofis muka yi ta dariya a ɓoye. Amma in faɗi gaskiya, ban taɓa ganin wanda ya yi sayayya da hankali irin nasa ba, kuma wannan shi ne abin da ke ƙara mini ciwo in na tuna.

Wani injiniya ya zo daga Kaduna ya yi mana bayani. Ya ce manhaja iri biyu ce, wato abin da ake zuba wa kwamfuta ta san aikin taswira. Ɗaya tana jan layi kamar yadda mai safiyo ke ja, hanya ta fito hanya, rafi ya fito rafi, ko da siririnsa bai kai zare ba. Amma tana da tsada, tana bukatar babbar kwamfuta, sai an tura mutum ya yi watanni yana koyonta, kuma tana da wani ɗan makulli da ake soka wa a bayan na'urar, in ya ɓata sai an rubuta ƙasar waje. Ɗayar kuwa yanka ƙasa take yi gida-gida kamar gidajen dara, kowane gida ta ba shi suna ɗaya tak: nan gona, nan daji, nan fadama. Tana da sauƙi, ƙaramar kwamfuta ma na ɗaukarta.

Baba bai tambayi sauri ba, bai tambayi wacce ake yayi ba. Tambayoyinsa irin na mai sayen jaki ne.

"In ta lalace, wa zai gyara?"

"Ta farkon sai Legas, Baba. Ta biyun ni ma zan iya."

"In an ɗauke wuta tana tsakiyar aiki fa?"

"Sai ku sayi batir mai riƙe wuta, da sitabilaiza mai daidaita ƙarfin wuta."

"Yaran nan za su iya ta kafin damina?"

"Ta biyun, za su iya."

Ya juyo gare mu ya ce, "Kayan aikin da ba a iya gyara shi a kusa ba kayan aiki ba ne, baƙo ne. Kullum sai ka yi masa hidima." Sannan ya yi tambayar da ya ce ita ce uwar sauran: me muke so na'urar ta gaya mana? Muka lissafa da baki. Ina ƙasar da citta za ta yi kyau, ina fadamar da za a yi noman rani, wane ƙauye ne mota ba ta shiga da damina a kai masa taki. Kowa a ɗakin ya kawo tasa. Ba wanda ya ambaci saniya, har shi da ya kafa turakun labi da hannunsa. Aikin noma aka kawo mu yi, tunanin noma muka yi.

Da aka tsayar da manhaja ta biyu, saura zaɓi ɗaya. Bayan teburin da ake shimfiɗa tsohuwar taswira a bi ta da wani ɗan abu mai gilashi don ta shiga kwamfuta, da batir, da na'urar sanyaya ɗaki, kuɗin da ya rage ba zai kai ga abu biyu ba: ko babban rumbun ajiya na cikin kwamfutar, ko injin buga taswira mai launi. Injiniyan ya yi mana adalci, ya faɗa a fili. Ya ce in rumbun ƙarami ne, dole gidajen nan su zama manya, kowane gida ya fi filin ƙwallo, don in an yanka ƙasar ƙanana rumbun ba zai ɗauka ba.

Dukkanmu launi muke so, ba zan ɓoye ba, don a zo a gani a yaba. Shi Baba dalilinsa ya fi namu kyau. Ya ce ya gaji da kai wa dagatai taswira baƙi da fari cike da Turanci, suna gyaɗa kai don kunya alhali ba su gane komai ba. "Dagacin da bai yi boko ba ya san kore, ya san ja." Game da girman gidajen kuwa ya ɗaga hannu ya ce, "Citta muke nema, ba allura ba." Muka yi dariya, injiniyan ma ya yi. An gama magana.

Kayan suka iso a bayan a-kori-kura, an naɗe su da katifu. Aka ware musu ɗaki, aka sa labule, Baba ya kafa doka ba mai shiga da takalmi. Manyan mutane sun zo kallo sun tuɓe takalma a ƙofa ba musu. Mama ta ɗinka wa kwamfutar riga da ragowar atamfar zumunta, duk yamma Baba da kansa ke lulluɓe ta. Ni aka ɗora a kan dannawa. Shi kuma ya tsaya a bayana da tsinkensa, yana duba kada in mai da arewa gabas.

Ranar da taswirar farko ta fito daga injin, a hankali, layi bayan layi, Baba ya kasa zama. Ƙasar citta kore shar, fadama shuɗiya, duwatsu ruwan ƙasa. Ya sa hannu a ƙasanta da alƙalaminsa na musamman. Aka buga da yawa aka rarraba, aka rataye a ofisoshi da zaurukan dagatai, har da makarantu. Ta yi aikinta kuwa. Taki ya kai inda bai taɓa kaiwa ba, manoman da aka nuna wa ƙasar da ta dace sun sami citta har suka yi rufin kwano. A watannin nan Baba tafe yake kamar an rage masa shekaru.

Abin da ba mu lura ba shi ne, labin Arɗo bai kai faɗin gida ɗaya na kwamfutar ba. Kowane gidan da ya ratsa, gona ta fi shi yawa a ciki, kuma ƙa'idar manhajar ita ce mai rinjaye shi ke da suna. Ta ba kowane gida sunan gona. Ba wanda ya goge labin, ba wanda ya yi niyyar mugunta. Ya dai shiga ta wannan gefe bai fito ta wancan ba, daga bakin daji har rafi kore ne shimfiɗe.

Citta ta yi daraja a shekarun, kowa na neman inda zai ƙara. Manoma suka fara ɗan matsawa cikin labin, wannan ya ci taku kaɗan, na kusa da shi ya ga ba a ce komai ba shi ma ya ci. Turakun siminti suka riƙa ɓacewa. Wata damina shanun Arɗo suka bi hanyar da suka saba bi tun iyayensu, suka tattake gonar wani mutum ɗan cocinmu. Ba mugu ba ne, mai 'ya'ya ne da yawa, kuma cittar nan ita ce duk abin da ya dogara da shi. Magana ta je gaban kwamitin sasantawa na yankin. Arɗo bai ɗauki lauya ba, bai tara mutane ba. Ya ce shaidarsa guda ce, a kira Safiyo.

Ni na kai Baba a babur. Yana shiga zauren ya ga taswirarsa a shimfiɗe a kan tebur, ɓangaren manomin ne suka zo da ita. Ya zaro tsinkensa da ƙarfin gwiwa zai nuna musu hanyar. Na ga tsinken ya yi sama ya yi ƙasa a kan koren nan, ya koma bakin rafi ya sake farowa, sannan ya tsaya.

Ciyaman ɗin kwamitin ya ce, "Baba, wannan ba sa hannunka ba ne?"

"Nawa ne."

"To, komfuta ya nuna hanyan shanu a nan?"

"Bai nuna ba. Amma hanya na nan. Ni na kafa turakunsa, ni da mutumin nan."

"Ina turakun?"

Baba ya mai da tsinkensa aljihu.

"Ka gani, Baba, muna girmama ka. Amma komfuta ba ya ƙarya, ba ya da yare, ba ya da addini. Yanzu mu wanne za mu bi, bakinka ko hannunka?"

Ya yi ƙoƙarin yi musu bayanin gidajen dara da filin ƙwallo, ni ma na sa baki. Sai maganar ta fito kamar kame-kame. Aka ce Arɗo ya biya ɓarna, kuma ya nemi wata hanyar zuwa ruwa. Wata hanyar kuwa babu. Arɗo ya miƙe ya gyara sandarsa a kafaɗa, ya yi wa kowa sallama, ya zo gaban Baba ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Safiyo." Kafin kaka rugar ta tashi, suka nufi wajen Gwantu.

Washegari Baba ya riga kowa zuwa ofis. Ya ce in sake yanka ƙasar da ƙananan gidaje. Na gwada. Kwamfutar ta yi ta gurnani har bayan azahar, sannan ta rubuto cewa rumbu ya cika. Muka rage yankin, muka goge abin da za mu iya gogewa, ta sake cewa ya cika. Baba ya rubuta a ƙaro mana rumbu, aka amsa cewa wa'adin aikin ya kusa ƙarewa, masu tallafi suna naɗe kayansu. Sai ya sayi jan alƙalami. Ya riƙa bin ofis-ofis da zaure-zaure, duk inda aka rataye taswirar ya roƙi a sauko masa da ita, ya ja labin da ja, ya sa hannu a gefe. Mutumin da ba ya yarda yatsa ya taɓa takarda. Wasu suka bar shi don girmansa, wasu suka hana. Wani magatakarda ya ce masa, "Baba, wannan ai hannu ne ya ƙara, ba komfuta ba. Ba zai yi aiki ba." Ya dawo ofis ran nan ya zauna, bai ko cire hula ba, ya ce mini, "Shekara da shekaru hannun nan ake kira a raba gardama. Ni na sayo abin da ya ƙaryata shi."

Da ya yi ritaya, ya matsa sai na kai shi inda Arɗo ya koma. Muka sha tambaya kafin mu sami rugar, a wani tudu mai tsakuwa, ruwa da nisa. Shanun sun rame, garken ya ragu. Arɗo ya tsufa ƙwarai amma ya taso da fara'a, ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka dama fura. Baba ya kasa sha. Ya cire hula ya fara magana, ya ce ya zo ne a yafe masa.

Arɗo ya katse shi. "A'a, Safiyo. Me ka yi? Kai ka faɗi gaskiya a gaban mutane, na ji da kunnena. Abin da Allah ya rubuta ne. Sha fura."

"Ni na zaɓi na'urar."

"To ai ba ka san za ta yi haka ba. Ina Mama? Gonar tana samun taki kuwa?"

Duk ta inda Baba ya ɓullo, Arɗo ya toshe da alheri. Muka taso da ƙwaryar man shanu a ɗaure a bayan babur. Mun yi nisa sai na ji muryar Baba a bayan kunnena. "Da ya zage ni, da na samu barci."

Daga shekarar ne ya ƙi noma gefen gonarsa inda labin ya ratsa. Maƙwabtansa na gabas da na yamma duk sun cinye nasu, an dasa citta, wani ma ya yi gini. Nasa kaɗai ya rage, wani dogon fili mai ciyawa a tsakiyar gonaki, ba ya fitowa daga ko'ina, ba ya zuwa ko'ina. Kuma ƙasar wurin ita ce mafi kyau a duk gonar, don shekarun da shanu suka yi suna zuba mata taki. Ya sa aka zuba sababbin turakun siminti, duk shekara ya je ya shafa musu farin fenti. A kan filin nan suka yi rigimar da ban taɓa ganin sun yi irinta ba, shi da Mama. Ta ce, "Wane saniya ne zai zo? Ta sama zai sauko? Jikoki na bukatan makaranta, kai kana noma ciyawa!" Ya ce ba gonarsa ba ce balle ya noma, hanya ce. Ta yi kwanaki ba ta kai masa shayi da kanta ba.

Mu ma ba mu taimake shi ba. Wannan ne nake jin nauyinsa yau. In ya fara maganar labi a wurin cin abinci sai a shiga kallon juna, wani ya tashi ɗauko ruwa, wani ya tuna yana da mitin a coci. Jikoki suka laƙaba masa Baba Labi, mu manya muna ji muna murmushi. Kullum amsarmu ɗaya ce, "Baba, ba laifinka ba ne, ka bar maganar nan." Muna ganin lallashi muke yi, alhali rufe masa baki muke yi don mu huta. Abin da yake so bai fi wani ya zauna ya ce masa, e, an yi ɓarna, kuma da mu aka yi ba. Ni da na danna maɓallan da hannuna na fi kowa cancantar faɗa masa haka, amma kunyar surukuta ta zame mini mafaka mai daɗi. Ya yi ta ɗaukar kayan shi kaɗai har jikinsa ya gaza.

Duk da haka bai zama mai ɗaci ba. Matasa daga wasu ofisoshi sukan zo neman shawara in za su sayi kwamfutar taswira, don sunansa ya tafi. Yakan sa a dafa musu shayinsa mai yaji, ya saurari duk lissafinsu na sauri da girman allo, ya yaba inda ya dace. Har yanzu yakan tambaye su wa zai gyara, da abin da za su yi in an ɗauke wuta. Sannan ya ƙara tambayar da ba ya yi a da: "Mene ne abu mafi ƙanƙanta a ƙasarku wanda in ya ɓace wani zai yi kuka? Ku fara auna shi, sannan ku je kasuwa." Wasu sukan rubuta, wasu su ɗauka tsufa ne.

Bai yi doguwar jinya ba. Ana gobe zai cika ya ce wa matata ta gaya mini fentin turaku ya kusa ƙarewa, in sayo wani kafin ruwa ya sauka. Wannan ce maganarsa ta ƙarshe da ta iso gare ni.

Ofishinmu, wanda ya ci gaba da aiki bayan tafiyar masu tallafi, ya sami sabuwar kwamfuta 'yan watanni kafin rasuwarsa, mai rumbun da zai haɗiye tsohuwar har sau da yawa, da manhaja mai jan layi. Bayan an share makoki na ɗauko tsohon zanensa na hannu na shigar da labin. Aikin da ya gagare mu shekaru bai ɗauke ni yini guda ba. Layin ya fito siriri, tsaf, daga bakin daji har rafi. Na bi shi da ido. Ya ratsa gonakin citta, ya shiga ta tsakiyar ajin wata makarantar firamare, ya fita ta bayan gidan wani dattijon coci. A duk tsawonsa wuri ɗaya ne kawai abin da ke allo ya yi daidai da abin da ke ƙasa, shi ne filin Baba. Na buga taswirar na naɗe, ban san wanda zan kai wa ba.

Makon da ya wuce aka yi zaman iyali a kan gona. Ni suruki ne, ba ni da baki a gado, amma aka ce in zo tunda na san awo. Babban ɗan Baba ya yi ta zagaye-zagaye kafin ya iso inda kowa ya san zai iso. Ya ce Baba ya yi nasa, Allah ya ga zuciyarsa, amma shanu ba za su dawo ba, ga yara da yawa, ga ƙasa mai kyau a kwance. Kowa ya dubi Mama, don an san ita ce ta fi kowa faɗa a kan filin nan, ana jiran ta ce a nome.

Ta gyara ɗaurin zaninta ta ce, "Na yi faɗa da shi a kan wurin nan yana da rai, don yana iya amsa mini. Yanzu ba ya iya amsawa. Muddin ina numfashi, ba mai sa fartanya a wurin. Hanya ne."

Muka ce to, Mama. Babban ɗan ya ce to, ni ma na ce to, da ƙarfi ma. Ba wanda ya tambayi abin da zai faru bayan numfashin, don kowa ya san shekarunta.

Da aka tashi na bi ta gonar da gwangwanin fenti, na shafa wa turakun ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya bar saƙo. Ciyawar ta yi tsawo, ƙasar baƙa wuluk, tana nitsewa a ƙarƙashin ƙafa. Allah ya ba Baba hutun da muka hana shi. Na gama turken ƙarshe na miƙe ina goge hannu, na juya na dubi filin daga wannan kai zuwa wancan. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, kuma Baba ne ya koya wa nawa idon awo. Kafin in ankara, na riga na gama lissafin buhun citta nawa wurin zai bayar.